Sanduna huɗu da na saya wa ajina

Ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, nake riƙe da shi a nan Tahoua, kuma duk shekara darasin faralelogiram, siffar nan mai ɓangarori huɗu da masu kallon juna ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, shi ne ke ba ni ciwon kai. In na zana a tabulo, yara su kwafa, su haddace ƙa'idar da Faransanci kamar karatun aku. Ran da na karkata zanen kaɗan, sai aji ya yi tsit.

Bana wani abokin aiki ya kai ni wurin wani kafinta da ke harhaɗa sanduna huɗu na katako: biyu masu santimita 40, biyu masu 25, kowace kusurwa da noti mai juyawa. Jikka biyu da rabi na biya, ya ƙara mini da roba biyu da ake ɗaurawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta.

Amfaninsa ɗaya ne, shi ne yana motsi. Na tsai da shi kamar firam ɗin ƙofa, na tura shi gefe ya kwanta, yara suka auna: ɓangarorin da ke kallon juna ba su canja ba. Da raportar, abin auna kusurwa, muka sami digiri 60 a wata kusurwa, maƙwabciyarta 120, jimla 180, ko ta yaya aka karkata. Inda robobin suka giciye kuwa, nan ne tsakiyar kowannensu. Wani yaro ya yi ta murɗa abin don ya kama shi da ƙarya, bai samu ba.

Amma abin da ya biya ni kuɗina wata yarinya ce ta bencin baya. Ina cikin kwantar da shi sai ta ce, "Mushe, ai filin ciki raguwa yake yi!" Ban ma kai wurin ba tukuna. Muka lissafa: a tsaye, 40 sau 25 ya ba da 1000. Da tsawonsa daga ƙasa ya sauko zuwa 20, fili ya koma 800, alhali kewaye na nan 130. Tun ran nan kaɗan ne ke ninka gindi da ɓangaren da ya karkace, kuskuren da na gaji da ja wa layi da jan biro.

Aikin kafintan dai da gyara. Bai goge katakon ba, ranar farko sartse ya shiga yatsan wani yaro. Notocin na kwancewa kafin a tashi aji, roba ɗaya kuma zafin watan Afrilu ya cinye ta, na maye gurbinta da yankin tib ɗin keke. Babu alamar santimita a jiki, sai da na zauna na zana da kaina.

Guda ɗaya bai isa cikakken aji ba, na baya sai leƙe. Na koma na ba kafintan aikin biyar, da sharaɗin ya goge su sosai kafin in karɓa.