Parker 45 ko Esterbrook J? Ɗauki 45

Malam, cikin tsofaffin alƙaluman tawadar nan biyu da aka yi maka tayi, Parker 45 da Esterbrook J, ɗauki 45 ɗin. Duka biyun ina da su, amma ɗaya ne kawai ke kwana a aljihun rigata.

Nawa 45 ɗin na kawuna ne, tsohon hedimasta. Bayan rasuwarsa aka tsince shi a ƙasan akwatin takardunsa, tawada ta bushe ƙamas a ciki, har ana shirin haɗa shi da shara. Na murɗe bakin na cire, na jefa a kofin ruwan sanyi ya kwana, da safe na ɗauraye na zuba masa Quink, tawadar kamfanin Parker. Ko gardama bai yi ba, rubutu ya kama zuba sumul. Da shi nake cike rajista da sa hannu har yau, kuma ko rubutun Larabci na yi daga dama zuwa hagu ba ya kartar takarda.

Ba sa'a ce ta sa haka ba, ƙirarsa ce. A 1960 Parker ya fito da shi a matsayin alƙalami mai araha, kuma shi ne na farko a kamfanin da ke karɓar 'yar robar tawada da ake sakawa a cire. Babu wata jaka da aka manne a cikinsa da za ta ruɓe. Robar tawadar Parker ta yau tana shiga daidai, haka ma ɗan famfon da ake zuƙo tawada daga kwalba da shi. An shafe sama da shekara 40 ana ƙera shi, a Amurka da Ingila, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuya: ka samu wani da jikinsa ya fashe, ka cire bakinsa ka ɗaura a naka, shi ke nan. Yawancin na farko-farkon bakinsu zinare ne 14K, mai ɗan taushi a hannu. Na baya ƙarfe ne, kuma shi ma ba laifi. In ka ci karo da mai jikin ƙarfe gaba ɗaya, wanda ake kira Flighter, kada ka bari ya wuce ka.

Esterbrook kuwa, to, yana rubutu. Kyakkyawa ne, ban musa ba, kuma shi ma ana sauya masa baki. Sai dai J ɗin da aka fi gani ƙirar 1948 zuwa shekarun 1950 ne, kuma da jakar roba yake shan tawada, wadda ake matsawa da ɗan ƙarfen da ke gefensa. Robar da ta shekara 70 sau da yawa ta riga ta zama gari. Sai ka yi odar sabuwa daga waje, ka nemo abin manne ta, sannan ka buɗe alƙalamin ba tare da ka tsaga shi ba. In har ka nace sai shi, duba lambar da ke bakin: masu farawa da 9 suna da ƙwayar ƙarfe mai tauri a tsini, masu farawa da 1 ko 2 ba su da ita, suna cinyewa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Duk bakin da ya yi ɗorawa sai su ce maka zinare ne, alhali wanki ne kawai aka yi wa ƙarfe. A 45 tambarin 14K a ɓoye yake, sai an kwance bakin daga 'yar robar da ke riƙe da shi ake ganinsa. Wanda ya ƙi kwancewa, biya shi kuɗin mai ƙarfe. Wasu kuma Hero 616 na Sin suke miƙa wa mutane da sunan Parker 51, wani samfurin Parker na daban, don sun yi kama. Hero ba mugun alƙalami ba ne a farashinsa, amma a farashinsa. Sannan ka shafa wurin da yatsu ke riƙewa, domin a wasu tsofaffin 45 robar wurin tana lotsawa inda murfi ke kamawa. In ta lotsa da yawa, bar masa kayansa. Kuma kada ka tura kuɗi kan hoton alƙalami a rufe. Ka ce ya tsoma shi a tawada ya rubuta sunanka, ya turo bidiyo.

Idan ya zo hannunka, ruwan sanyi kawai, ban da ruwan zafi. Kada kuma ka kuskura ka zuba masa tawadar allo, ƙaron da ke cikinta zai toshe hanyar tawadar tun ranar farko. In a littattafan 'yan makaranta, irin masu takarda mai shan tawada, za ka riƙa rubutu, nemi siririn baki: juya shi ka duba ƙasan, za ka ga harafin F.