Mai gyaran lagireton da ya hana a sauke min kan inji

Wannan bawan Allah ya cece ni daga asara babba, shi ya sa nake rubuta wannan, ko da yake ban bar wajensa raina fes ba.

Motata tsohuwar Corolla ce ƙirar 2004. A cikin Kano lafiya lau take, ko a cunkoson Bata da tsakar rana allurar zafi ba ta wuce rabi. Amma in na hau titin Zariya na taka ta kai kilomita 110 a awa, tun daga Kura allura za ta fara hawa, kafin Kwanar Dangora ruwa yana tafasa yana amai ta ƙaramin tankin roba. In na sassauta gudu sai ta sauko. Bakaniken da na saba da shi ya haɗa fanka kai tsaye, ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, ya jefar, duk a banza. Ƙarshe ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan inji. Kun dai san yadda kayan gyaran mota suke da tsada a kasuwar Ƙofar Ruwa yanzu.

Wani direban haya ne ya tura ni wajen mai lagireton. Bai ma ɗaga bonet ba sai da ya tambaye ni, “Alhaji, a tsaye take zafi ko a gudu?” Na ce a gudu. Ya ce to a bar zancen fanka, amfaninta a cunkoso ne, a babban titi iskar da ke bugo mota ta fi ƙarfin kowace fanka. Ya jira inji ya huce, ya buɗe murfi ya cika ruwa, ya tayar da mota yana leƙen bakin lagireto. Babu kumfa ko ɗaya. Ya zaro sandar awon baƙin mai, bai yi kalar madara ba, salansa ma ba farin hayaƙi. Ya ce gasket ɗinka ƙalau yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne da mota ta ɗau zafi, ya kashe ta, ya kwance fanka, ya kama hannuna ya ɗora a jikin lagireto. Wani wajen ba ya taɓuwa don zafi, amma tsakiya sanyi ƙalau. Wato ƙananan bututun sun toshe, ruwa ba ya bi ta nan. Ƴan kaɗan da suka rage suna isar mota a cikin gari, a gudu kuwa zafin inji ya fi ƙarfinsu. Da ya ɓalle kan robar lagireton, tsatsa ce da wani farin gari danƙare, aikin ruwan rijiya da na burtsatse. Murfin ma robarsa ta tsattsage. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, matsin murfin nan, 0.9 ko 1.1 da kuke gani a rubuce a kansa, shi ke kai shi wajen 120 bai tafasa ba. Wallahi a nan har na fara cewa ba ni da wani mai gyara sai shi.

To amma fa. Ya ce in dawo da la'asar, sai washegari na samu mota. Murfin da ya sa min na Beljiyam ne, kuɗin sabo ya caje ni, da na yi magana ya ce ai ya fi sabon ƙarko. Wataƙila gaskiya ne, amma me ya hana ya faɗa tun farko? Wanda ya fi ƙona min rai, mutumin da ya gama yi min wa'azi a kan ruwan burtsatse, a gabana yaronsa ya ɗebo na cikin duro zai ɗura. Sai da na tsayar da shi na je na sayo ruwan lagireto na galan da kaina. Maganar mayar da tamostat kuwa cewa ya yi ba aikinsa ba ne, wani wajen na je aka sa min mai buɗewa a digiri 82, aka mayar da fanka yadda take.

Yanzu har Kaduna nake zuwa da AC a kunne, allura na nan a rabi. Gano cuta dai ya iya, ba na musu. In za ku kai masa mota ku tafi da murfinku da ruwanku, ku kuma zauna a wajen har a gama.