Hattara da masu tallan musayar tsohuwar kwamfuta da MacBook

Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin HP da Dell da Lenovo waɗanda Windows 11 ba ta hawa kansu suka fara tunanin komawa MacBook, kwamfutar kamfanin Apple, musamman ɗalibai da masu zane da masu haɗa bidiyo. 'Yan damfara sun lura da haka, shi ya sa tallarsu ta cika WhatsApp da Facebook: ka kawo tsohuwar kwamfutarka, ka yi ciko, a ba ka MacBook 'yar Landan mai tsabta. Wanda ya daɗe da HP yakan gane lafiyarta ko daga ƙarar fankarta, amma in aka miƙa masa Mac bai san inda zai duba ba, kuma da wannan rashin sani suke cin kasuwarsu.

Babbar cutar ita ce sayar da kwamfutar da take a kulle. Wasu daga cikin waɗannan na'urori mallakin kamfanoni ne ko makarantu na ƙasashen waje, an yi musu rajista a wurin Apple da sunan ma'aikatar, kuma rajistar tana bin lambar siriyal ne, don haka goge kwamfutar ba ya cire ta. Abin da mai sayarwa yake yi shi ne ya saita ta ba tare da ta tuntuɓi Apple ba, ya buɗe asusu a ciki, ya nuna maka tana aiki lafiya lau. Sai bayan makonni, ranar da ka goge ta ko ka sake ɗora mata manhaja, allo ya tsaya a kan rubutun "Remote Management" da sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba. Akwai kuma kullen "Activation Lock", wanda ke kan Mac masu guntun (chip) tsaro na T2 da duk masu guntun M, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da Apple ya ƙera da kansa, inda za a nemi Apple ID, wato asusun Apple, da kalmar sirrin mai ita na farko. Apple ba ya buɗe wannan sai da shaidar saye ta asali, saboda haka abin da yakan rage shi ne a sayar wa mai gyara allon da batirin a wulaƙance, alhali HP ɗinka mai lafiya ta riga ta shiga wani hannu.

Maganin wannan mai sauƙi ne, kuma mai gaskiya ba zai ƙi shi ba. Kafin ko sisi ya fita, a goge kwamfutar ƙarƙaf a gabanka, a haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ba na shagon ba, sannan ka saita ta daga farko har ka shiga da Apple ID ɗinka. Idan aka ce maka babu lokaci, ko goge ta zai ɓatar da manhajojin da aka saka maka kyauta, to ka ɗauki kayanka ka tafi.

Dabara ta biyu ita ce sayar da mai guntun kamfanin Intel a matsayin mai guntun M1 na Apple. MacBook Air biyu suka fito a 2020, kuma a ido kusan ba su da bambanci, amma idan ka kifa ta za ka ga ƙaramin rubutu a bayanta: A2179 ita ce ta Intel, A2337 ita ce M1. Ka gwada lambar siriyal da ke jikin murfin da wadda ke cikin "About This Mac", wato shafin da ke nuna bayanan kwamfutar a allo, domin ana sauya murfi. Bambancin ba ƙarami ba ne, tunda Apple ya sanar cewa macOS Tahoe, babbar manhajar da ke tafiyar da Mac wadda ta fito a 2025, ita ce ta ƙarshe da za ta hau Mac masu Intel, wato wanda ya guje wa tsufan Windows 10 ya sake sayen wani tsufan da tsada. Haka kuma duk wanda ya ce ka karɓi mai RAM 8GB daga baya a ƙara maka, ƙarya yake yi, domin a Mac masu guntun M ba a ƙara shi.

Su kuwa masu cewa ka tura kafin alƙalami a sako maka ita a motar Legas, cinikin biri a sama ne, kada ma ka fara.

Ya kamata a sani cewa kwamfuta mai Windows 10 ba ta daina aiki ba, kuma Microsoft ya buɗe shirin ƙarin sabuntawar tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026 ga wanda ya yi rajista, don haka babu dalilin gaggawar da suke cusa wa mutane. In har za ka bayar da tsohuwar, ka kwashe takardunka, ka fita daga imel da asusun bankinka, ka goge ta da hannunka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal da adireshin shago. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.