Asibitin ƙashin da ya gano ciwon gwiwar Hajiyarmu

Jama'a da yawa sun tambaye ni inda muka kai Hajiya, to wani asibitin kuɗi ne na ƙashi a nan Kano, ga abin da muka gani.

Hajiya ta daɗe da amosanin gaɓɓai, tana kan magungunan methotrexate da prednisolone, har aka sa mata gwiwar ƙarfe. Bayan wata takwas gwiwar ta kumbura ta yi sumtum, ba zazzaɓi, sai zugi da daddare, in ta zo sallah sai a kan kujera. Inda muka fara zuwa maganin bakteriya kawai ake ta rubutawa, a sha a dawo, shiru kake ji.

Likitan nan kuwa da ya taɓa gwiwar sai ya ce "Hajiya ki yi haƙuri, yau ba zan rubuta komai ba." Ya zuƙi ruwan gwiwar da sirinji ya tura lab, ya ce a ajiye shi ya daɗe don fangas ba ya saurin tsirowa kamar bakteriya. Wallahi raina ya ɓaci ranar, na ɗauka jan rai ne. Ashe Candida ce, wani nau'in fangas, kuma ya yi mana bayani dalla-dalla cewa magungunan amosanin suna rage garkuwar jiki shi ya sa ta samu kafa, tana manne wa ƙarfen ta yi masa wani irin yauƙi da magani ba ya ratsawa, dole sai an cire. Aka cire gwiwar aka sa siminti na wucin gadi, ta yi watanni tana shan maganin fangas fluconazole ana awon hanta, sannan aka sake sa sabuwa.

Nas-nas ɗin sun kyauta, akwai wadda kullum da asuba za ta zo ta gyara mata filo a ƙarƙashin ƙafa tana "sannu Mama". Masu gashin ƙashi ma ba laifi.

Amma ɓangaren kuɗi kam sai a hankali. Bil ba ya zuwa a fayyace, sau biyu famasinsu ba fluconazole sai da na fita nema cikin dare, ga jiran likita na awa uku ko da kana da lokaci. Ka nemi a rubuta maka kuɗin aikin biyu tun farko, mu na farkon kawai aka faɗa mana.

Duk da haka zan sake kai nawa. Jiya Hajiya ta taka har ƙofar gida da sanda ɗaya.