Kafin ka sayi tocila mai saiti, tambayi irin direbanta

Ranar Asabar wani maƙwabcina mai gadin shaguna a Sabon Gari ya kawo min tocilarsa, ransa a ɓace. "Malam, ta lalace. In na danna ta ba da ɗan haske, in na saki ta mutu." Na danna maɓallin sau huɗu a jere, ta kama tangaram. Ashe yaransa ne suka yi wasa da ita har suka kulle ta. Manhajar Anduril da ke cikin wasu tocilolin Sofirn, Wurkkos da Emisar haka take: danni huɗu kullewa ne ko buɗewa, danni uku kuma ta ƙifta maka yawan cajin da ya rage.

Yawancin abin da ake ɗora wa direba ba laifinsa ba ne. Direba dai shi ne ɗan zagayayyen allon da ke bayan ƙwan tocila, mai auna wutar da batir zai ba shi. Amma irin wanda ka zaɓa shi zai nuna irin ciwon kan da za ka sha.

Mafi arha shi ne mai ƙananan cif ɗin AMC7135, wanda ya yi suna a tocilar Convoy S2+. Kowane cif yana sakin wuta miliamfiya 350, cif takwas kenan 2,800. Ba shi da fitina, kuma mai gyaran waya a Farm Centre da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya canza shi. Aibinsa, rarar wutar zafi take zama, sannan da yawansu suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri. Haska fanka tana juyawa: in ka ga fukafukanta sun rarrabu, ƙiftawar ke nan, kuma tana gajiyar da ido.

Na biyu shi ne FET, mai sakar wa ƙwai duk abin da batir ya iya bayarwa. Shi ne ke burge mutum a shago. Amma a nan Kano, inda zafin Afrilu ke taɓa digiri 40, a yi hattara. Anduril takan fara rage haske idan jikin tocila ya kai digiri 45. Tazarar nawa ce? Ba ka gama zagaya gida ba hasken ya zube, ka ce an cuce ka, alhali tocilar kanta take karewa. Wani lokaci ma ma'aunin zafin ne ya zo a karkace daga kamfani, sai an gyara shi cikin saiti. Ga kuma batir mai na'urar kariya, wanda kan yanke wuta ɗif da zarar FET ya ja fiye da ƙarfinsa.

Ni da kuɗina, na uku nake saya, wato direba irin buck. Yana sauke ƙarfin batir daidai buƙatar ƙwan ba tare da ɓarna mai yawa ba, don haka zafi kaɗan ne, haske kuma ya tsaya wuri guda har caji ya kusa ƙarewa. Ɗan'uwansa boost ɗagawa yake yi, don ƙwai mai bolt 6 ko 12. Sun fi tsada, kuma in sun ƙone sai dai a sake sabo. Duk da haka, mai gadi ko ɗan sintiri da zai kwana yana haskawa, wannan ne nasa.

Batir kuwa, a nan aka fi zaluntar mutane. Na gaske ƙirar 18650, cajin da yake ɗauka galibi ba ya wuce miliamfiya-awa 3,500 da ɗan wani abu. Duk wanda ka ga an rubuta wa 9,900, ko ciron tsohuwar laftof aka sake wa riga, ajiye musu kayansu. Cikakken caji bolt 4.2 ne, idan ya gangaro ƙasa da 3 sai tocila ta fara sauke haske da kanta. Mataccen batir nan da nan yake kaiwa can, a ce direba ne.

In hasken tocilarka yana ɓari, fara da gindi. Kwance murfin, ka goge bakin bututun da sifirin ɗin, domin ƙurar hunturu da maiƙo suna hana wuta wucewa. In akwai zoben da ke riƙe makunni, ɗaure shi da tsinin almakashi. Saiti ya rikice? A Anduril 2, danna sau 13 ka riƙe na ƙarshe, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Sai duk wannan ya gaza, da batir mai kyau a ciki, sannan a zargi allon.

A shago kuma kada ka yarda da hasken daƙiƙa biyar. Sa ta a mafi ƙarfi, ka riƙe ta minti uku kuna ciniki. Tafin hannunka zai faɗa maka abin da mai shago bai faɗa ba.