Kamazurun doguwar kilisa: na dukawa ko na waje?

Yawancin kamazurun da ke rataye a rumfunan masu kayan doki, a Kasuwar Kurmi ta Kano ko a Katsina da Zariya, domin hawan sallah aka yi su. An naɗe su da jar fatar akuya, an zuba musu tuntaye, a ido ba su da makusa. Amma wanda zai fita kilisa ta awa uku ko huɗu, ya ratsa gonaki, ya gangara fadama, ya hau tudu, ba ado yake nema ba. Abin da zai zauna masa a hannu ba tare da ya yi masa kanta ba yake nema. Na fata mara ado, na igiya, na roba, da kuma BioThane, wato zare mai rufin roba da ake shigowa da shi, su ne ake zaɓa a tsakaninsu. A yanayinmu na fatar ne kan gaba, in dai an yanka shi daidai.

Kafin a yi maganar fata ko roba, a duba tsawo, don a nan aka fi yin asarar kuɗi. Gwajin ba wuya. Ka zauna a sirdi, ka bar doki ya kai bakinsa ƙasa kamar zai sha ruwa. In ka riƙe ƙarshen kamazuru da hannu ɗaya ba tare da ka sunkuya ba, tsawon ya yi. In sai da ka kwanto kan kwacciya, ya yi gajarta. Ga dawakinmu na gida, mita 2.7 zuwa 3 daga zoben linzami zuwa ɗaya zoben ya isa, wato wajen kamu shida a awon baduku. Na Turawa yawanci inci 54 ne kowane ɓangare, santimita 137 ke nan, akwai kuma mai inci 48 na ƙananan dawaki, wanda wasu ke saya bisa kuskure. Gajeren kamazuru yana sa doki fizgar kai duk lokacin da ya so miƙe wuya, kafaɗar mahayi ta yi tsami, dokin kuma ya ɗauki fizgar ta zame masa hali. In ya wuce mita 3 a kan ƙaramin doki, rarar tana lilo a gefen kafaɗa har ta iya sarƙe ƙafa a likkafa ko ta kama reshe. Wannan da sauƙi, ƙulli ɗaya a ƙarshe ya raba gardama.

Faɗi kuwa, milimita 16 ya dace da yawancin hannaye, 19 ga mai manyan yatsu. Mai 13 na yara ne. A hannun babba yana cin tsakanin yatsu da zarar doki ya fara ja.

Kamazurun fata mai kyau daga ƙirgin sa ake fitar da shi, wanda aka jeme da bagaruwa, kaurinsa milimita 3 da rabi zuwa 4. A nemi wanda aka yanko daga gadon baya. Fatar ciki tana da laushi, tana burge mai saye, amma tana miƙewa, bayan damina ɗaya sai ka ga ɓangare guda ya fi ɗaya tsawo, kana ja daidai doki yana karkata. Ka lanƙwasa shi biyu ka matse. In fuskar ta yi tsage-tsage, jimar ba ta nuna ba ko fatar ta daɗe a rana. Ka shafa gefen da babban yatsa, in da kaifi baduku ya kankare ya murje, don gefen ne ke yanka hannu, ba fuskar ba. Sannan ka duba ɗinkin wajen zobe. Ɗinkin da ya bi tsawon fata shi ne daidai. Wanda ya ratsa ta a kwance ya jera ramuka ne a layi ɗaya, kuma a nan za ta tsinke.

Masu adon da aka naɗe da fatar akuya, sau da yawa igiya ce ko tsumma a ciki. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje, amma sirara ce, ta sutura ce, ba ta ɗaukar ja. Gumi yana shiga ta ƙarƙashinta, abin da ke ciki ya ruɓe ba ka gani. Wanda aka rina da galura kuma yana zuba a hannu da farar riga.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe a haɓa da dogon harshe da ke taɓa ganɗa, mai zafi ne ƙwarai, ɗan motsi kaɗan doki ya ji shi. Kamazuru mai nauyin tuntaye da ƙarafa, in doki yana sassarfa, lilonsa kaɗai yana bugun bakin ko mahayi bai ja ba. A fagen hawa na ɗan lokaci ne. A tafiyar awa huɗu kuwa, za ka ga doki yana watsa kai, yana buɗe baki, wani har gefen bakin ya yi ciwo, a ce dokin ne mai gardama. Haka maƙalan ƙarfe masu harshe da ake ɗaurawa a zobe: suna saukaka cirewa, amma suna ƙara nauyi da kaɗawa, masu arhan kuma ƙarfen zubi ne, karyewa suke yi farat ɗaya ba gargaɗi. In dole sai da su, a nemi na tagulla.

Raunin fata shi ne kulawa. Hunturu yana busar da ita har ta tsage, damina tana sa mata fumfuna, gishirin gumi yana cin ɗinki. Bayan kowace fita a goge da ɗanyen tsumma, a shanya a inuwa. A hunturu a shafa man kaɗanya kaɗan duk mako biyu, a bari ya kwana, a goge rarar, in ba haka ba zai yi santsi. Baƙin man inji da wasu 'yan barga ke shafawa yana kashe fata, man gyaɗa kuma kiran ɓera yake yi.

Igiyar auduga mai kaurin milimita 12 zuwa 14 ta fi komai daɗin riƙo, ga arha. Matsalarta ƙarangiya. Da kaka, ratsa saura ɗaya ya isa ta cika da ita, sai ka riƙa tsintar ƙaya a tafin hannu har gida. Tana kuma shan ruwa ta yi nauyi. Igiyar nailan ta kasuwa a bar ta wa guga, in doki ya zabura ta zame a hannu, saɓule fata take yi.

Na roba yana riƙuwa da kyau ko hannu ya jiƙe da gumi. Sai dai zafin bazara yana sa robar danƙo, daga baya ta fara ɓarewa, ga shi da tauri ga mai riƙo na dogon lokaci ba safar hannu. In na hannu za ka saya, duba fatar da ke bakinsa wajen linzami, can yake mutuwa tun robar tana sheƙi.

BioThane zare ne saƙaƙƙe da aka lulluɓe da roba, daga Amurka asalinsa. Ruwa ba ya shigarsa, ba ya son mai, guga ɗaya na ruwa ya wanke shi. Ga mai yawan ƙetare rafi da damina ba abin da ya kai shi. A zaɓi mai dishi-dishin fuska, don mai ƙyallin yana santsi. Aibinsa shi ne ƙarfinsa: ba ya tsinkewa. In mahayi ya faɗi doki ya taka shi a guje, bakin dokin ne zai biya. Don haka kada a haɗa shi da linzami kai tsaye, a sa siririyar tsirkiyar fata a tsakani, wadda za ta tsinke in abin ya kai can. A na igiya ma haka za a yi.

Akwai kuma mai raba biyu irin na makiyayan Amurka, kowane ɓangare mita 2.1 zuwa 2.4. Yana da daɗin jan doki a ƙasa, amma in ɗaya ya suɓuce ya faɗi gaban kofato kana kan tafiya, aiki ya same ka. Haɗaɗɗen ya fi kwanciyar hankali. Ko wanne ka ɗauka, ka bar ragama a ƙarƙashin linzami, igiyarta a naɗe a sirdi. Da ita ake ɗaure doki a gindin bishiya, ba da kamazuru ba.

In za ka ba baduku aiki, kai masa linzamin da kansa ya ga girman zoben. Ka ce ƙirgin gadon baya, kamu shida, faɗin milimita 16, gefe a murje, ɗinki a tsaye da zare mai kaki, ba naɗi ba tuntu. Ka ƙara da tsirkiya biyu na ajiya, ka jefa su a aljihu ranar fita.