Garin matzo na kwali: ya cancanci kuɗinsa a kicin ɗin Gombe?

Matzo gurasa ce ta Yahudawa, fulawa da ruwa kawai, ba yisti, ana gasa ta kafin ƙullun ya cika minti 18 don kada ya tashi. Ita suke ci a Idin Ƙetarewa, tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar. Idan aka daka ta sai ta zama gari mai tsaki-tsaki, kuma da shi Yahudawan Gabashin Turai suke mulmula dunƙulen da suke sakawa a romon kaza, wanda suke kira kneidlach. Ba kayan da uwargida za ta tarar a kasuwar Gombe ba ne, sai dai oda ta intanet ko saƙo ta hannun mai dawowa daga waje. Iri biyu ne: zallan gari, da haɗaɗɗe mai gishiri, garin albasa da sinadarin tashi a ciki.

Haɗaɗɗen ya fi sauƙi. Leda ɗaya tana cin ƙwai 2 da mai babban cokali 2, kuma da wuya dunƙulen ya ƙi tashi. Aibinsa gishiri: idan romon ma da gishirinsa, abin ya yi yawa, kuma ba yadda za a rage. Zallan garin ya fi, domin ke ce mai awo. Kofi 1 na gari, ƙwai 4, narkakken kitsen kaza babban cokali 4, ruwan soda ko romo babban cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1. Mai son ya yi sakayau sosai ta ƙara bekin foda ƙaramin cokali 1. A kaɗa ƙwai da kitse tukuna, sannan a zuba gari, a juya da cokali mai yatsu daidai ya haɗe, a tsaya. Yawan juyi yana sa shi tauri.

A nan ne wadda ta saba da ɗanwake take kuskure. Ƙullun ɗanwake ana kwaɓawa a jefa nan take, ruwa na ɓararraka, tukunya a buɗe. Wannan kuwa idan aka gama kwaɓi ruwa-ruwa yake fitowa, har hannu ya kai ga ƙara gari. Kada a ƙara. Garin gasasshe ne, a hankali yake shan ruwa, don haka sai ya huta a firji aƙalla minti 30, awa ɗaya ta fi. Wadda ta ƙara gari za ta sami dunƙule kamar dutse a gindin tukunya. Wadda ta ƙi barinsa ya huta za ta ga ya watse ya zama kunu. Da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas, ajiye shi a kan tebur bai isa ba, kitsen ba zai daskare ba, ga ɗanyen ƙwai a ciki. A rufe kwanon a sa a kula da ƙanƙara, yana yi.

Wajen mulmula a jiƙa hannu da ruwan sanyi, a ɗebo kamar girman goro, a juya shi a tafin hannu ba dannawa. Ba curin fura ba ne. Zai ninka girmansa, don haka tukunya mai faɗi ake so. Ruwan gishiri ya tafasa, a jefa, a rage wuta sosai, a rufe, kada a ɗaga murfi sai bayan minti 30 zuwa 40. Tasowarsa sama ba alamar nuna ba ce, tun da wuri yake tasowa. A tsamo ɗaya a raba biyu: idan tsakiyar ta fi gefe duhu da tauri, a ƙara minti 10. Dafa shi daban a ruwa ya fi dafawa cikin romo, domin yana shanye romon kuma ya gurɓata shi.

Romon ba farfesu ba ne. Garau yake, ba attaruhu, ba tumatir: kaza, albasa, karas, seleri idan an samu, a ƙaramar wuta kamar awa 2 zuwa 3, ana kwashe kumfa. Kazar Hausa ta fi ba da ɗanɗano, amma kitsen sai a wurin ta gidan gona. A yanka fatarta da kitsen a soya a hankali da albasa har ya narke. Man gyaɗa yana maye gurbinsa, sai dai ƙamshin ya ragu. Man shanu kuwa ba ya shiga asalin girkin, domin dokar abincin Yahudawa ta hana haɗa nama da kayan nono.

Batun kuɗi, sayen kwalin haɗaɗɗe daga waje don leda biyu kacal bai biya ba. Zallan gari ya fi auki. Mai oben ma tana iya yin nata: kwaɓa fulawa da ruwa, murza shi siriri, huda da cokali mai yatsu, gasa da wuta mai ƙarfi har ya bushe ƙarau, sannan a daka a turmi. Kada ya yi laushi kamar fulawa, a bar shi da ɗan tsakinsa.